Igiya a Tambarin Gari: Allunan Tarihi da Uzurin "Babu Hukuma" a Yammacin Amurka

A watan Afrilun 2021 majalisar garin Placerville, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kaɗa ƙuri'a ba hamayya ta cire hoton igiyar rataya daga tambarin garin. Tambarin na nuna mai neman zinare yana tankaɗe a bakin ruwa, a bayansa ga bishiya, zarge na reto a reshenta. Aka goge zargen, aka bar bishiyar. Kafin watan ya ƙare majalisar ta sake zama, ta tabbatar wa garin laƙabinsa na dauri, Hangtown, wato garin rataya, bisa hujjar cewa laƙabin tarihi ne. A babban titin garin, inda bishiyar ta ainihi take a da yana cikin jerin wuraren tarihi na jiha, lamba 141, kuma shekara da shekaru akwai mutum-mutumi a rataye jikin benen da ke wurin, baƙi na tsayawa suna ɗaukar hoto.

Abin da ya faru a wurin a watan Janairun 1849 akwai wanda ya gani da idonsa ya rubuta. Edward Gould Buffum, tsohon hafsan soja kuma ɗan jarida, ya ba da labarin a littafinsa na 1850. An kama mutum biyar da laifin fashi, aka yi wa kowannensu bulala 39. Sai aka ɗora wa uku daga ciki, Faransawa biyu da mutumin Chile ɗaya, wani tsohon laifi na daban. Bulalar ta kwantar da su har ba su iya zuwa gaban taron da ke yi musu shari'a ba, don haka a bayan idonsu aka yanke hukunci. Ba sa jin Turanci. Sun nemi tafinta ba su samu ba. Buffum ya hau kututture ya roƙi a dakata, taron ya ce ya sauko ko a haɗa da shi. Ya sauko.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan a tambari ko a laƙabin. Kuma Placerville ba ita kaɗai ba ce. Daga Montana zuwa Arizona, garuruwan da suka tashi a zamanin da Amurka ke tura iyakarta yamma, tun daga rububin zinare na 1849 zuwa ƙarshen ƙarni na 19, cike suke da allunan ƙarfe da na katako masu nuna inda aka rataye wane da wane ba tare da kotu ba. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, tsofaffin allunan sun tsaya ne a kan uzuri guda, wai a lokacin babu hukuma. Uzurin ba ya jure bincike a yawancin wuraren da aka kafa shi. Sababbin allunan da ake kafawa yanzu kuwa, duk da gyaran da suka kawo, zagaye uzurin suka yi, ba su rushe shi ba.

Uzurin yana da tushe a rubuce, kuma masu igiyar ne da abokansu suka fara rubuta shi. Thomas Dimsdale, mutumin Ingila, malamin makaranta kuma editan jaridar Montana Post, ya jera labarin 'yan sa-kan Montana a jaridarsa a 1865, ya fito da shi littafi a 1866. Shi ne littafi na farko da aka buga a yankin. Nathaniel Langford, wanda shi kansa yana cikin tafiyar, ya biyo da nasa a 1890. A Kalifoniya, Hubert Howe Bancroft ya cika mujalladi biyu a 1887 da yabon kwamitocin 'yan sa-kan San Faransisko da makamantansu. Bakinsu ɗaya: ƙasa sabuwa ce, kotu na nesa, kurkuku babu, 'yan fashi sun tare hanyoyin zinare, to a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Mai karatun da ya bi muhawarar 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina ya san wannan magana tun kafin a kawo masa ita daga ƙetare. Da Owen Wister ya rubuta ƙagaggen labarinsa na makiyayin Wyoming a 1902, sai ya sa wani alƙali a ciki ya zauna ya bambance rataye ɓarawon shanu a Yamma da ƙona Baƙar fata a Kudu, na farko wai jama'a ce ta karɓe ikon da ta damƙa wa kotu, na biyu kuwa dabbanci. Wannan rabo ya shiga jama'a ƙwarai, har Ida B. Wells, wadda ba wanda ya kai ta yaƙi da kisan taron dangi a zamaninta, a maƙalarta ta 1900 ta bar wa sansanonin Yamma uzurin rashin kotu, don ta nuna cewa Kudu ba ta da ko wannan.

Allunan sun zo ne daga baya, tare da mota. Kalifoniya ta fara rajistar wuraren tarihi a farkon shekarun 1930. A Montana, daga 1935, wani injiniyan ma'aikatar hanyoyi mai suna Robert Fletcher ya riƙa rubuta manyan allunan katako na gefen hanya cikin salon raha irin na hirar makiyaya. Manufar ita ce matafiyi ya taka birki, ya karanta, ya kwana a gari, ya kashe kuɗi. Ƙungiyar maza ta E Clampus Vitus, wadda aka farfaɗo da ita a wannan lokacin kuma ta haɗa son tarihi da barkwanci da shan giya, ta lilliƙa ɗaruruwan alluna a tsofaffin sansanonin zinare. Garin da zinarensa ya ƙare ba shi da abin sayarwa sai labari, kuma ban ga laifin mai neman abinci ba. Sai dai allo ba kamar littafi ba ne. Ba ya ɗauke da sunan marubuci, sau da yawa hatimin jiha ne a kansa, don haka mai karatu yana jin sa ne kamar muryar gwamnati. Kuma a duk mutum ɗaya da ya karanta binciken masana, dubbai ne suka karanta allon suna jiran a zuba musu mai.

Montana ce ta fi cancantar a dube ta da kyau, domin idan akwai inda uzurin ya kusa zama gaskiya, to nan ne. An ga zinare a rafin Grasshopper a 1862, garin Bannack ya tashi. Aka gan shi a Alder Gulch a watan Mayun 1863, Virginia City ta tashi. Dubban mutane suka kwararo. Yankin na ƙarƙashin Idaho ne a lokacin, hedkwatarta kuwa, Lewiston, tana bayan manyan duwatsu da ƙanƙara ke toshewa da sanyi. Fashin gaskiya ne, kashe matafiya ma gaskiya ne.

To amma a duba jerin kwanakin. A watan Disambar 1863 aka kama George Ives bisa zargin kashe wani saurayi Bajamushe, Nicholas Tiebolt. Aka yi masa shari'a a fili a Nevada City, kwana uku cikin sanyi, da lauyoyi ta kowane ɓangare, da shaidu, da mutum 24 masu taya alƙali duba hujja, jama'a na kewaye suna ji. Ranar 21 ga wata aka same shi da laifi aka rataye shi. Shari'ar ba ta rasa aibi ba, amma Ives ya ji abin da ake tuhumarsa da shi kuma an yi magana a madadinsa. Kwana biyu bayan haka, ranar 23 ga Disamba, wasu mutane suka sa hannu a kan rantsuwar sirri, kwamitin 'yan sa-kai ya kafu. Ashe ba rashin hanyar shari'a ne ya haifi kwamitin ba. An gwada hanyar a gaban kowa, ta kai ga hukunci, sai manyan gari suka ga ta cika jan lokaci, kuma lauya mai baki na iya kuɓutar da wanda suka riga suka yanke wa hukunci a zuci. Wilbur Fisk Sanders, wanda ya gabatar da ƙarar Ives, yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin. Kawunsa Sidney Edgerton, wanda aka naɗa alƙalin alƙalan Idaho, yana zaune a Bannack tun watanni kafin nan, bai taɓa zaman kotu ba.

Ranar 4 ga Janairun 1864, wani Erastus Yeager, igiya na jiransa, ya lissafa sunayen waɗanda ya ce su ne gungun 'yan fashin, ya ce shugabansu Henry Plummer ne, zaɓaɓɓen shugaban 'yan dokan Bannack. A kan wannan lissafi na mutumin da ke bakin mutuwa aka ɗora yawancin abin da ya biyo baya. Ranar 10 ga wata aka rataye Plummer da mataimakansa biyu, Buck Stinson da Ned Ray, a kan gungumen da Plummer ya sa aka kafa don wani mai laifi. Washegari aka nufi bukkar wani ɗan Mekziko, Joe Pizanthia, don a tuhume shi. Da aka banka ƙofa ya yi harbi, ya sami mutum biyu, ɗayansu, George Copley, ya mutu. Taron ya je gidan Edgerton ya jawo wata 'yar ƙaramar igwa da ke ajiye can, aka yi wa bukkar luguden wuta, aka jawo shi da rauni, aka harbe shi, aka rataye gawar, aka yi ta ɗirka mata harsashi, sannan aka jefa ta cikin wutar bukkar. Da gari ya waye wasu suka zo suna tankaɗe tokar ko za su dace da zinare. Ranar 14 ga wata aka jera mutum biyar a ƙarƙashin azarar wani gini da ba a gama ba a Virginia City. Cikin kimanin mako shida an kashe sama da mutum 20. A watan Maris aka rataye Joseph Slade, wanda ba a tuhume shi da fashi ko kisa a garin ba. Laifinsa maye da tayar da hankalin jama'a.

Wanda ya je Virginia City yau za a nuna masa ginin, a nuna masa azarar, a hau da shi tudun maƙabarta inda kaburbura biyar ke jere da sunaye. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, George Lane, mai gyaran takalma ne da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. A 1907 aka tone kabarinsa don a tabbatar da wane ne ke kwance a ina, aka yanke ƙafar, aka ajiye ta a gidan tarihin garin, 'yan yawon buɗe ido suna kallo shekara da shekaru, har sai da danginsa suka zo suka karɓe ta a 'yan shekarun nan. A Helena, babban birnin jihar, 'yan makarantar sakandare suna jerin gwanon Ranar 'Yan Sa-kai tun 1924. Tun 1956 kuma 'yan sandan manyan hanyoyin Montana ke ɗauke da lambobin 3-7-77 a bajen kafaɗarsu, lambobin da a da ake rubuta wa mutum a ƙofa ko a tanti don ya bar gari. Fassarar da ta fi yawo ita ce faɗi da tsawo da zurfin kabari. Masanin tarihi Frederick Allen ya nuna a 2004 cewa lambobin ba na kwamitin 1864 ba ne, sun ɓulla ne a Helena a ƙarshen shekarun 1870, lokacin da kotuna suka daɗe da kafuwa, kuma marasa aikin yi da masu yawon titi ake kora da su. Ko rataya a Helena ba ta tsaya da zuwan kotu ba. An ƙirƙiri yankin Montana a watan Mayun 1864, alƙalin alƙalansa Hezekiah Hosmer ya nemi 'yan sa-kai su janye a watan Disambar wannan shekara, amma bishiyar rataya ta Helena ta ci gaba da karɓar mutane har 1870.

Sauran wuraren ba sa buƙatar dogon bayani. A San Faransisko a 1856, kwamitin da ɗan kasuwa William T. Coleman ya jagoranta, da dubban mutane ɗauke da makamai, daga kurkukun gwamnati ya fito da James Casey da Charles Cora ya rataye su. Cora na jiran a sake masa shari'a ne bayan masu taya alƙali sun kasa cimma matsaya. Kwamitin har alƙalin kotun ƙolin jiha, David Terry, ya tsare, kuma jam'iyyar da ta fito daga cikinsa ta riƙe birnin kusan shekara goma bayan ta karya 'yan siyasar Ailan masu goyon bayan jagoransu David Broderick. Hedkwatar kwamitin ita ce wurin tarihi lamba 90 a jihar. A Wyoming a 1889, manyan masu garke shida suka rataye Ella Watson da James Averell, waɗanda suka yi rajistar filaye bisa doka a bakin ruwan da masu garken ke shayar da shanunsu; jaridun Cheyenne suka mayar da ita ɓarauniyar shanu kuma karuwa, shaidu suka mutu ko suka ɓace, ba a hukunta kowa ba. Masanin tarihi Richard Maxwell Brown, wanda a 1975 ya ƙirga ƙungiyoyin 'yan sa-kai 326 a tarihin Amurka, ya lura cewa yawanci manyan gari ne ke jan su: 'yan kasuwa, lauyoyi, masu garke. Wani masanin, Michael Pfeifer, ya ƙara a 2004 cewa abin da taron ke gudu ba rashin kotu ba ne, kotun ce kanta, da jinkirinta da ɗaukaka ƙararta da sassaucin da takan yi wa wanda jama'a ke son jininsa.

Wani abin da tsofaffin allunan suka rufe shi ne su wa aka kashe. Mai bincike Ken Gonzales-Day ya tattara kisan taron dangi 352 a Kalifoniya tsakanin 1850 da 1935. Mafi yawan rukuni, 132, 'yan Mekziko ne da sauran mutanen Latin Amurka, ga 'yan asalin ƙasar, ga Sinawa, Baƙar fata kuwa takwas ne. Masana tarihi William Carrigan da Clive Webb sun tabbatar da 'yan Mekziko 547 da gungu ya kashe a Amurka tsakanin 1848 da 1928. Ranar 24 ga Oktoban 1871, bayan wani Bature ya mutu a musayar wuta tsakanin ƙungiyoyin Sinawa biyu, taron kusan mutum 500 ya afka wa unguwar Sinawa a Los Anjalas ya kashe aƙalla 18, kimanin kashi ɗaya cikin goma na Sinawan garin, har da likita, Gene Tong. Kotu ta ɗaure mutum takwas, kotun ƙolin jiha ta sake su a 1873 saboda kuskure a takardar tuhuma. Rabon da Wister ya yi tsakanin Yamma da Kudu bai tsira daga waɗannan alƙaluma ba.

Daga nan ne sabon yayi ya taso. Gidauniyar Equal Justice Initiative ta lauya Bryan Stevenson ta tattara sunayen Baƙar fata sama da 4,400 da aka kashe tsakanin 1877 da 1950, ta buɗe babban wurin tunawa da su a Montgomery a watan Afrilun 2018, ta kuma riƙa haɗa kai da garuruwa ana kafa allo a inda abin ya faru, ana ɗebo ƙasar wurin a kwalba. Tasirin ya kai Yamma. A watan Nuwamban 2020 aka kafa allo a Denver don Preston Porter, yaro ɗan shekara 15 da aka ɗauko daga tsare aka ƙone kusa da garin Limon a 1900. Wasu kuma sun riga gidauniyar: a kwarin Hells Canyon, inda ɓarayin dawaki suka kashe Sinawa masu haƙar zinare har kusan 34 a 1887, an kafa dutse a 2012 da rubutu cikin Turanci da Sinanci da harshen ƙabilar Nez Perce. A Tekzas, gungun masana da ke kiran kansu Refusing to Forget, cikinsu har da Monica Muñoz Martinez, suka matsa har jiha ta amince da allon Porvenir, ƙauyen da dakarun Texas Rangers da wasu masu garke suka tasa mazajensa daga barci suka harbe 15 a watan Janairun 1918. Shugabar hukumar tarihi ta gundumar Presidio ta yi ƙorafin ana son mayar da abin siyasa, aka ɗage bikin, sai ranar 30 ga Nuwamban 2018 aka buɗe shi. A Los Anjalas, inda ɗan ƙaramin allo a daɓen gefen titi ne kawai ke nuna kisan 1871 a lokacin, magajin gari Eric Garcetti ya nemi gafara a 2021, aka kuma zaɓi zanen babban wurin tunawa a 2023.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya zo a makare. Amma ga inda nake da ja. Idan aka duba waɗanda sababbin allunan suka zaɓa, kusan duk mutane ne da rashin laifinsu ba ya buƙatar gardama: likitan da aka jawo daga gidansa, masu haƙar da aka yi wa kwanton ɓauna don zinarensu, manoman da aka tasa da tsakar dare. Allon da iyakar darasinsa shi ne an kashe marar laifi ya bar wa ɗan sa-kai ƙofa a buɗe. Zai ce, haka ne, a nan an yi kuskure, a can ƙiyayyar launin fata ta shiga, amma inda aka kama mai laifin gaske fa? Da haka sai a raba tarihin gida biyu, mummunan taro da kyakkyawan taro, allon Porvenir ya tsaya a gefensa, jerin gwanon Helena ya ci gaba a nasa gefen, ba wanda ya taɓa wani.

Gwajin gaskiya yana wurin waɗanda hannunsu ba shi da tsabta. A Downieville ta Kalifoniya, daren 4 ga Yulin 1851, wani mahaƙi, Frederick Cannon, ya ɓalle ƙofar gidan wata 'yar Mekziko mai suna Josefa cikin maye. Da safe ya dawo, cacar baki ta tashi, ya zage ta, ta daɓa masa wuƙa ya mutu. Ta kashe shi, ba ta musa ba. Amma ko kare kai ne, ko tunzura ce, ko ganganci, wannan aikin kotu ne, kuma taron da ya zauna a ranar ya ture lauyan da ya tashi kare ta, ya kori likitan da ya ce tana da ciki, kafin faɗuwar rana ya rataye ta a gada. Allon da ke garin Juanita yake kiranta, sunan da ba nata ba. A Tombstone ta Arizona, aka gurfanar da John Heath kan fashin garin Bisbee na Disambar 1883, inda aka kashe mutane har da mace mai ciki. Kotu ta yanke wa abokansa biyar hukuncin kisa, shi kuma ɗaurin rai da rai. Hukuncin bai gamsar da mutanen Bisbee ba. Ranar 22 ga Fabrairun 1884 suka fasa kurkuku, suka rataye shi a turken wayar tangaraho, masu binciken musabbabin mutuwa kuma, bisa shawarar likita George Goodfellow, suka rubuta cikin zolaya cewa ciwon numfashi ne ya kashe shi, wataƙila ta hanyar shaƙewa, ko shi ya yi wa kansa ko wani. Zolayar ce ake maimaita wa baƙi har yau. Heath ba abin tausayi ba ne, kuma daidai wannan ne ya sa labarinsa ya fi kowanne tona uzurin: ga alƙali, ga hukunci, ga kurkuku, abin da aka rasa kawai shi ne haƙurin karɓar hukuncin da bai yi wa rai daɗi ba.

Haka batun Plummer. Tun da marubuta R. E. Mather da F. E. Boswell suka fito a 1987 suna shakkar ko ma an taɓa yin gungun da aka ce yana shugabanta, muhawarar ta koma kan tambaya ɗaya, ya yi ko bai yi ba. A 1993 aka shirya masa shari'ar kwaikwayo a kotun Virginia City, masu taya alƙali 12 suka rabu shida da shida. A ganina tambayar ta kauce. Plummer ya taɓa zaman kurkukun San Quentin kan kisan kai a Kalifoniya, ba waliyyi ba ne. Amma dalilin da ya sa ba mai iya warware batun yau shi ne kwamitin ya rataye mai ba da shaida da waɗanda aka ba da shaida a kansu, a asirce, ba tare da an yi wa kowa tambayar ƙwaƙwaf ba. Rashin tabbas ɗin ba giɓi ba ne da zamani ya bari, ɓarna ce da kwamitin ya yi, kuma ita ya kamata allon Bannack ya faɗa.

Za a ce allo ba ya ɗaukar duk wannan, 'yan layuka ne a kan ƙarfe, kuma kowace kalma sai kwamitin gunduma da na jiha sun yarda da ita. Gaskiya ne, rikicin Porvenir ma shaida ne. Sai dai allunan da suka sami wurin barkwanci ba za su rasa wurin cewa akwai kotu a garin a ranar, ko cewa daga hannun hukuma aka ƙwato mutumin ba. Wannan layi ɗaya ne, ba ya buƙatar a wanke kowa, kuma ba ya hana gari cin abincinsa da baƙi. Abin da ya fi wuya shi ne layin da ke biye, wanda zai faɗi su wa suka ja igiyar.

A Kudu, takardun binciken gawa sukan ce mutanen da ba a san ko su wane ne ba suka yi kisan, ko da rabin gari na tsaye a wurin. A Yamma ko wannan labulen ba a cika sakawa ba. Takardar rantsuwar 23 ga Disambar 1863 tana nan da sa hannun masu ita. Kwamitin San Faransisko ya raba wa mambobinsa takardun shaida da lambobin yabo. Mutum shida na Wyoming an kama su, an ba da belinsu, sunayensu sun fito a jarida, kuma ɗayansu, Albert Bothwell, shi ya ƙare da mallakar filayen waɗanda aka rataye. Granville Stuart, wanda ya jagoranci kashe waɗanda ake zargi da satar dawaki a tsakiyar Montana a 1884, ya zama shugaban ƙungiyar masu garke, daga baya jakadan Amurka a Uruguay da Paraguay. Matsalar ba ta hujja ba ce. Duk wanda zai sa sunan Wilbur Fisk Sanders a allon Bannack cikin waɗanda suka shirya rataye zaɓaɓɓen shugaban 'yan doka, zai rubuta ne sunan ɗaya daga cikin sanatocin Montana biyu na farko a 1890, wanda aka raɗa wa gunduma sunansa a 1905, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye a ginin majalisar jiha. Takardun da zai dogara da su kuwa, da yawansu suna ajiye ne a ƙungiyar tarihin Montana, wadda aka kafa a 1865, shekara guda bayan ratayar, da Sanders a matsayin shugabanta na farko.